A Basel Na Ga Ƙwayar Sankara Tana Amsa Kira

Filin jirgin saman Basel a ƙasar Faransa yake, sai ka zaɓi ƙofar fita: wannan ta Faransa, waccan ta Siwizalan. Na bi ta Siwizalan, inda ɗiyar yayata, wadda ke karatun digiri na uku kan sankarar mama, take jirana da rigar sanyi a hannu. Garin na masu haɗa magunguna ne, dogayen benayen kamfanin Roche ma daga ko'ina kana hangensu. Mun ƙetare kogin Rhine a wani kwalekwale mara inji, wanda aka ɗaure da waya, ƙarfin ruwa kaɗai ke tura shi.

Washegari ta kai ni ɗakin bincikensu, ta kunna mini hoton bidiyo a kwamfuta. Ƙwayoyin sankara ne a cikin ɗan faranti, an ɗiga wani sinadari a gefe guda. Da farko suna zaune dirshan. Can sai kowace ta miƙo wani abu kamar ƙafa, ta ja jiki, duk suka nufi gefen nan.

"Kawu, wannan sinadarin shi ne kemokin," in ji ta. "Da shi jiki ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa inda aka ji rauni. Suna binsa ne yadda kake bin ƙamshin tsire da daddare, inda ya fi ƙarfi can za ka nufa."

Matsalar ita ce ƙwayar sankara ma ta iya jin kiran. Tun 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya lura ba ko'ina take yaɗuwa ba, tana da wuraren da take so. Sai a 2001 Anja Müller da Albert Zlotnik suka nuna ɗaya daga cikin dalilan: ƙwayoyin sankarar mama suna ɗauke da makarɓin saƙo mai suna CXCR4, shi kuwa kemokin ɗin da ke kiransa, CXCL12, ya fi yawa a huhu, hanta, ɓargo da kaluluwa. Nan ne kuwa cutar ta fi sauka. Da suka toshe makarɓin a jikin ɓeraye, yaɗuwa zuwa huhu ta ragu ƙwarai.

Na ce to ai magani ya samu. Ta yi dariya.

"Ina fa, Kawu! A garin nan aka ga akasin haka."

Ƙarin sankara yana fitar da wani kemokin, CCL2, ya janyo fararen ƙwayoyin jini su zo su yi masa aiki maimakon su yaƙe shi. A 2014 masu bincike a Cibiyar Friedrich Miescher suka toshe shi a ɓeraye, yaɗuwa ta lafa; da suka dakatar da maganin sai cutar ta dawo da ƙarfinta fiye da da. Haka kuma balixafortide, maganin toshe CXCR4 da aka haɗa a Allschwil, nan bayan gari, ya kasa a babban gwajin da aka yi wa mata a 2021. Kemokin sun kusa hamsin, ka rufe bakin ɗaya wani ya ɗauki kiran. Shi ya sa duk labarin "an gano magani" da ya tsaya a kan ɓera ba ya ɗaga mini hankali.

A jirgin cikin gari, muna komawa gida, ta kawo wata magana da ta shafe mu. Akwai wani furotin mai suna Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke tsotse rarar kemokin. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma rashinsa na kare su daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Yanzu ana binciken ko yana da hannu a yadda sankarar mama ke kama matanmu.