Daga Awendjé Zuwa Baraka

Ran Lahadi na taka daga Awendjé har tsohuwar mishan ta Baraka, saboda gardamar da ta ɓarke a majalisarmu. Wani direban motar katako ya rantse ya ga kulukamba a daji, wai barbarar yanyawa ne tsakanin gorila da shimpanze. Alhaji ya ce tatsuniya ce. To, a Barakan nan ne, a 1847, Thomas Savage ya ga ƙoƙon kan gorila, dabbar da Turawa ba su sani ba sai a labari. Amma kulukamban da Paul du Chaillu ya harbo, masana sun auna ƙoƙon kansa, sun ce shimpanze ne. Direbanmu kuwa ko gashi bai kawo ba, ga ɗalibaina suna jiran amsata ran Litinin.