Kano a Bakin Tafkin Mishigan

Wanda ya zauna a Evanston ba ya tambayar ina ne gabas. Inda ruwa yake, can ne. In lokacin salla ya yi, sai ka fuskanci tafki ka karkata hagu, ka sami alƙibla. Garin yana gaɓar yamma ta Tafkin Mishigan, a jihar Illinois ta Amurka, kilomita wajen 20 arewa da tsakiyar Shikago. Titin Howard ne iyakarsu, kana tsallaka shi ka shiga babban birni. Karatu ne ya kai ni can ina saurayi, kuma har yau, da furfurata, ban daina kewar garin ba.

Tafkin ne ya fara kama ni. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 58,000, ya ninka Tafkin Chadi fiye da sau biyu ko a shekarun 1960 da Chadin yake cike. Ba ka hango ɗaya gaɓar, sai ruwa har inda ido ya ƙare, ga shi ba gishiri, shi ake tacewa a sha a garin. Da bazara yara na wanka a bakin rairayi. Da hunturu kuwa ƙanƙara ke daskarewa a gaɓa tsibi-tsibi, iska ta taso daga ruwa ta ratsa riga uku. Hasumiyar Grosse Point tana arewacin gari. An gina ta a 1873 don haska wa jiragen ruwa hanya, bayan da jirgin Lady Elgin ya nutse a 1860 da mutum wajen 300. Na sha zama a gindinta in karatu ya ishe ni.

Kafin zuwan Turawa, ƙasar ta 'yan ƙabilar Potawatomi ce, yawancinta fadama, sai tuddai masu tsawo da tafkin ya bari a zamanin da yake fin haka cika. A kan ɗaya daga cikinsu aka shimfiɗa titin Ridge. A 1851 wasu mabiya ɗariƙar Methodist suka kafa Jami'ar Northwestern, gari ya tsiro a gefenta, aka raɗa masa sunan ɗaya daga cikinsu, likita John Evans. A 1855 aka sa a dokar jami'ar cewa ba a sayar da giya a tazarar mil huɗu daga harabarta, garin kuwa ya riƙe wannan hani har 1972. Ko da na je an ɗage shi, amma halin bai bar mutanen ba. Gari ne na coci-coci da itatuwa da kwanciya da wuri. Ga ɗan Musulmi da ya baro gida, wannan kamun kai ya sauƙaƙa mini zama ƙwarai.

A ƙidayar 2020 mutanen Evanston 78,110 ne, wajen ɗaya cikin shida baƙaƙen fata. Sai dai lissafi ba ya nuna yadda aka raba ƙasar. Manyan gidaje suna gabas, kusa da ruwa, a bakin titin Sheridan. Baƙaƙe kuwa an daɗe ana tura su yamma, mazaɓa ta biyar, wajen magudanar ruwan da ta bi ta bayan gari, domin dillalan gidaje da bankuna sun shekara da shekaru suna hana su saye a sauran unguwanni. Can na yi haya, a gidan wata dattijuwa da iyayenta suka yiwo hijira daga kudancin ƙasar. Ina ce mata Mama, tana ce mini ɗana. Da azumi takan ajiye mini abinci a murhu ba tare da na roƙa ba, in kuma zan tafi titin Devon na Shikago sayen naman halal sai ta ba ni saƙon kayan yaji. Da na ji a 2021 majalisar garin ta amince a ba wa baƙaƙen da aka zalunta a harkar gidaje tsakanin 1919 da 1969, da zuriyarsu, dala 25,000 kowanne, ita na tuna. Kuɗin bai kai asarar ba, amma amsa laifi da hukuma ta yi abu ne babba, na so a ce tana raye ta ji.

Abin da ya fi ɗaure ni da garin yana hawa na biyar a laburaren jami'a. Melville Herskovits ya kafa sashen nazarin Afirka a 1948, laburaren da ke ɗauke da sunansa ya biyo baya a 1954. A can ake ajiye da littattafan Malam Umaru Falke, attajirin Kano kuma malamin Tijjaniyya wanda ya rasu a 1962: rubuce-rubucen hannu da bugaggun littattafai sama da 3,000, na Larabci da na ajami. Akwai kuma waɗanda John Paden ya tattara lokacin bincikensa kan addini da siyasar Kano, da na John Hunwick, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana bin sawun rubutun malaman Afirka ta Yamma.

Ranar da aka fara miƙo mini ɗaya daga cikin takardun, hannuna rawa yake. Tawadar gida ce, rubutun irin wanda na koya a allo, ga ta'aliƙin malam a gefen shafi da ƙananan haruffa. Fiƙihu, waƙoƙin wa'azi, maganin gargajiya, wasiƙu, duk abin da ɗan kasuwa mai ilimi yake tarawa. A waje dusar ƙanƙara na zuba, ni kuwa ina zaure a Kano.

Zuciyata ta rabu biyu a kan wannan, har gobe. Yana mini ciwo a ce ɗalibin Kano sai ya nemi biza kafin ya taɓa littafin malamin garinsu. Amma na san akwatunan littattafai nawa gara da ruwan sama da rabon gado suka tarwatsa a gidajenmu, na Falke kuwa suna nan, kowace takarda da lambarta. Abin da na kwafa da fensir a hawa na biyar ɗin nan ya cika littattafan rubutu masu yawa, kuma da su na koyar da ɗalibaina har na yi ritaya.