Ran da Uwa Ta Kau, Wa Zai Riƙe Shi?

Kusan kowane gari akwai baligin da fahimtarsa ba ta kai ta tsaransa ba. Ga shi da gemu, amma ƙirgen kuɗi na ba shi wuya. Wasu su ce masa wawa, wasu su ce dolo. Ba mahaukaci ba ne. Wani haka aka haife shi. Wani sanƙarau ya taɓa masa ƙwaƙwalwa yana yaro. Wani kuma uwarsa ta rasa sinadarin iyod a abinci lokacin da take da cikinsa.

Muddin uwa na da rai, tuwonsa na nan. To, ran da ta kau fa? Wannan tambaya tana hana tsofaffi da yawa barci.

Bari in ba ka labarin yadda wasu ƙasashe suka yi. A da, a Turai, ana tara irin waɗannan mutane a manyan gidaje, ɗaruruwa wuri guda, nesa da dangi. Ana ciyar da su, amma ba mai tambayar ra'ayinsu. Daga baya aka ga wannan tauye haƙƙi ne. Ƙasar Norwe ta fara rufe gidajen a 1991. Suwidin ta yi dokar tallafa musu a 1993, kuma ta ba da umarni a rufe sauran manyan gidajen kafin ƙarshen 1999.

Me aka yi a madadinsu? Ƙananan gidaje cikin unguwa. Mutum kaɗan ne a gida, kamar huɗu ko biyar. Kowa da ɗakinsa, da makullinsa, da wurin girkinsa. Ma'aikata na kusa dare da rana. Suna taya shi cefane, da shan magani, da lissafin kuɗi. Amma abin da zai iya, shi ke yi da hannunsa.

A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu. Sashe na 19 ya ba su damar zaɓen inda za su zauna da wanda za su zauna da shi. Nijar ta amince da ita a 2008.

Za ka ce ba mu da kuɗin Turawa. Gaskiya ne. Amma muna da gidan gandu, da maƙwabta, da zumunci. Abin da ya rage shi ne koyarwa.

A ajinmu na yaƙi da jahilci na koyar da wani mai shekara kusan 40. Baƙaƙe sun yi masa nauyi, sai muka koma kan kuɗi. Kullum na zube dala, da dala biyar, da dala ashirin a tabarma, yana warewa. Kafin damina ta faɗi, yana sayen gishiri da kansa, ya karɓo canji daidai. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka, in kana da irinsa a gida, fara yau. Ba shi ɗakinsa. Koya masa wanki, da dama fura, da kiwon akuya. Ku tara dangi tun uwa na da rai, a san wanda zai riƙa duba shi, da wanda zai tsare masa gadonsa. Shi ma a zaunar da shi a wurin, a tambaye shi inda yake son zama, kuma a saurari amsarsa.