Daren da Illela Ta Nemi Kanta a Kaset

Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, kaset-kaset na finafinan Hausa sun riƙa bin motocin kasuwa har bakin iyaka. Wata ranar Lahadi, da kasuwar Illela ta watse, wani matashin malamin firamare ya shiga gidan kallo cike da ɗoki, domin an ce masa fim ɗin labarin 'yan fasa-ƙwauri ne a hanyar Birnin Ƙwanni. Yau zai ga garinsu a talabijin.

Bindigar ta katako ce, jinin kuwa jan fenti. Duk wannan ya yafe, don ya san jarin masu fim bai taka kara ya karya ba. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne bakin 'yan wasan. Uban 'yan fasa-ƙwauri, wanda aka ce haifaffen Illela ne, ya buɗe baki da Kananci tsantsa: "yana" a gurbin "shina", "wannan" a gurbin "wanga". Daidai inda aka so masu kallo su razana, sai ɗaki ya ɓarke da dariya. Wani dattijo ya tambaya ko an mayar da iyakar ƙasa Kasuwar Kurmi ne.

Washegari a aji wani yaro ya ce, "Malam, shina tahowa." Malamin ya buɗe baki zai yi masa tsawa kamar kullum, sai ya fasa. Ya ɗauki alli ya rubuta "yana" na Daidaitacciyar Hausa a allo, ya rubuta "shina" kusa da ita.