Daren Rufe Kasuwa a Gindin Duwatsu

Matafiyin da ya baro Kano ya bi ta Wudil da Gaya, a Shuwarin yake karya kwana ya nufi Dutse. Daga nan tafiyar 'yar kaɗan ce, kuma tun kafin ya hango rufin gida, duwatsun ne ke fara yi masa maraba: manya-manya, wasu a kan wasu, kamar kayan da wani ƙato ya sauke ya tafi neman ruwa bai dawo ba. A ƙarshen watan Agustan 2024 na bi wannan hanya, aikin duba kundayen ɗalibai ya kai ni Jami'ar Tarayya ta Dutse. Ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, gero ya fid da kai, yara na gasa tumu a bakin titi, bishiyoyin dabinon da aka san garin da su kuwa sun yi tsaye a gindin duwatsu kamar dogarai. Lokacin da masu labarin wasanni ke kira kasuwar 'yan wasa ta bazara, a nan tsakiyar damina ce.

Dutse gari ne mai fuska biyu. Akwai tsohon garin da ke maƙale a jikin duwatsu, wato Garu, inda tsohuwar fada take. Akwai kuma sabon birnin da aka shimfiɗa bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, mai faffaɗan tituna da sakatariya da rukunin gidajen ma'aikata. Wannan na biyun yana da wata al'ada da duk mazauninsa ya sani: da an sauko daga Juma'a, sai ka ga motoci na zarya, kowa ya nufi Haɗeja ko Gumel ko Ringim ko Kazaure ko Kano, a bar garin ga masu shi. Ni da ban gama aikina ba, sai na zauna tare da masu garin. Wani tsohon ɗalibina, ganin zaman kaɗaici zai dame ni a masauki, ya ce: “Ranka ya daɗe, yau fa ake rufe kasuwa. Zo mu je ka sha kallo.”

Juma'a ce, 30 ga wata. Ya kai ni teburin wani mai shayi a unguwar Takur, daura da wani gidan kallon ƙwallo da aka kewaye da langa-langa. Gidan kallon a rufe yake, janareto a kashe, amma bencina sun cika har wasu na zaune a kan baburansu, fuskar kowa na haske da wayar hannu. Ƙarfe 11 na dare agogon Ingila za a rufe saye da sayar da 'yan wasa, kuma a wannan lokaci na shekara agogonsu da namu ɗaya ne. Sunan mutum guda ke yawo a bakin kowa: Victor Osimhen.

Ga mai karatun da ƙwallo ba ta dame shi ba, ga yadda maganar take a taƙaice. Osimhen yaron Legas ne da ya taɓa tallar ruwan leda a kan titi. A 2015 ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Chile, a 2020 Napoli ta Italiya ta saye shi daga Lille ta Faransa. A kakar 2022/23 ya zura ƙwallo 26 a gasar Italiya, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990, shi kuma aka naɗa shi gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023. Daga baya zama ya yi tsami tsakaninsa da ƙungiyar. A daren nan Chelsea na zawarcinsa, Al-Ahli ta Saudiyya ma na zawarcinsa, sa'o'i kuwa na ƙarewa.

Mafi ɗaga murya a wurin wani tela ne, magoyin bayan Chelsea tun zamanin Mikel Obi. A ganinsa ƙungiyarsa gida ce da aka gina aka manta da ƙofa: an tara 'yan tsakiya da 'yan gefe kamar za a buɗe makaranta, amma babu mai ƙarasa aiki a bakin raga. Tun da Drogba ya tafi, in ji shi, Diego Costa kaɗai ya ɗan share musu hawaye. Wani malamin firamare, wanda ban gane ƙungiyar da yake goyon baya ba sai can dare, ya tare shi da lissafi. Ya ce Nicolas Jackson ya ci ƙwallo 14 a kakarsa ta farko a Firimiya, Osimhen kuwa 15 ya ci a Italiya a wannan kakar, to ina ratar da za a zubar da dukiya a kanta? Tela ya ce a daina ƙirga waɗanda Jackson ya ci, a ƙirga waɗanda ya ɓarar shi da mai tsaron gida, domin maharbin da ya harba kibiya goma ya kawo zomo ɗaya ba a kiransa sarkin baka. Aka kwashe da dariya, mai shayi ma sai da ya ajiye ludayi.

Daga nan magana ta gangara kan sabon koci. Enzo Maresca ya zo ne daga Leicester, wadda ya hauro da ita daga rukuni na biyu, ya gaji Pochettino da ya kai Chelsea mataki na 6. Wani ɗan acaɓa, wanda hularsa ta riga ta tona cewa ɗan Arsenal ne, ya lissafo da yatsu waɗanda suka riƙe ƙungiyar tun da sababbin masu ita suka karɓe ta a 2022: Tuchel, Potter, Lampard na riƙon ƙwarya, Pochettino, ga Maresca. Ya ce a garinsu mai irin wannan hali sunansa mai auri-saki, kuma amaryar da ta shiga gidansa ba ta kwance kayanta duka. Ya kwatanta da Liverpool, inda Arne Slot ya gaji Klopp, bai tayar da ƙura a kasuwa ba, ya ci wasanninsa biyu na farko. Malamin firamare ya ce wasa biyu ba ma'auni ba ne, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Duk wannan hayaniya, akwai wani dattijo a ƙarshen benci da bai ce uffan ba. Ba ya riƙe da waya, ƙaramar rediyo ce a cinyarsa. Ɗalibina ya raɗa mini cewa dillalin dabbobi ne, yana cin kasuwar Shuwarin, ranar Alhamis kuma yakan leƙa Maigatari. Da aka matsa masa ya yi magana, sai ya ce cinikin nan ba zai faɗa ba. Hujjarsa ta fi duk abin da na karanta a kan batun. Ya ce mai dabbar da ya riga ya sayo wata ya ɗaure a turken tsohuwar, ya faɗa wa kasuwa duka cewa dole ce ta fito da shi, yana nufin Lukaku da Napoli ta saya daga Chelsea ɗin kanta a makon. Mai saye in ya ga haka, tayin wulaƙanci zai yi, mai dabba kuma girman kai ba zai bar shi ya sallama ba, sai dai a yi ta albarka har rana ta faɗi. Ya ƙara da cewa sayen doki ba shi ne wahala ba, harawar kullum ita ce wahala, kuma ga alama a kan harawa aka kasa daidaitawa. Rahotannin daren kuwa batun albashi suke ta nanatawa.

A nan zan ɗan ratse. Ina da abokan aiki da ke kallon irin wannan majalisa a matsayin ɓata lokaci, har ma alamar mutuwar zuciya: talaka bai ci abincin dare ba yana jayayya a kan miliyoyin wani. Ban yarda da su ba, ko in ce ban yarda da su duka ba. Watan nan ya fara ne da zanga-zangar tsadar rayuwa da dokar hana fita a jihar, ya ƙare da ambaliyar da ta ci gidaje da gonaki a ƙananan hukumomi da dama. Mutanen da ke kan bencin nan sun san wannan fiye da ni, ba mantawa suka yi ba. Amma na daɗe ban ga wurin da ɗan acaɓa zai ce wa mai digiri uku “Malam, ka yi kuskure,” ya kawo shekara da adadi, a kuma karɓa daga gare shi ba. Abin da nake fama da ɗalibaina su yi a aji, wato su kafa hujja, su saurari ta abokin hamayya, su rusa ta ba tare da zagi ba, ga shi ana yi kyauta a teburin mai shayi. Da na sami rabin wannan kaifin a kundayen da na kwana uku ina dubawa, da na gode Allah.

Sai dai akwai tambayar da ta tsaya mini a maƙogwaro, har na kasa haɗiye ta. Na ce: “Jama'a, ni baƙo ne. A duk faɗin Dutse, wane ne ɗan wasan gaban da ya fi kowa?” Wuri ya yi tsit. Mutanen da suka san albashin yaron da ke Landan da ciwon da ya taɓa ji a ƙashin fuska, suka shiga kallon juna. Wani ya ambaci laƙabin wani yaro, wani ya ce ai wannan ya daɗe da komawa sayar da kayan waya. Na tambayi labarin Jigawa Golden Stars. Ƙungiyar jihar ce, ta buga babbar gasar Najeriya, ta faɗo a 2021, har zuwa wannan daren ba ta koma ba. Ko a kakarta ta ƙarshe a sama, wasannin da ake kira na gida a Kaduna ta riƙa buga su. Tela ya ce, cikin gaskiyar da ta burge ni: “Dakta, ta yaya zan so abin da ban taɓa gani ba?”

Ba ni da amsar da zan ba shi, illa dai na tuna musu da Ahmed Musa. Kafin ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, a Kano Pillars ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/10, a gaban 'yan kallon da suka biya kuɗin ƙofa suka zauna a rana. Daga nan ne VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. Wani ne ya fara ganinsa a filin unguwa, wani ya kai shi gaba, wasu dubbai suka yi ta kiran sunansa har waje ya ji. Kano daga nan ba ta kai tafiyar awa uku ba.

Ƙarfe 11 ta buga. Al-Ahli ta ɗauki Ivan Toney daga Brentford, Chelsea ta ƙare da karɓo aron Jadon Sancho, wani ɗan gefen kuma, Osimhen ya kwana a Napoli ba mai saye. Tela ya miƙe ya kaɗe riga ya ce an yi musu sakiyar da ba ruwa. Dattijo ya kashe rediyonsa, bai ko nemi a ce masa ya yi gaskiya ba.

Washegari da la'asar na hau wajen Garu don in ga garin daga sama. Kallon ya cancanci hakin da na yi: kore ta ko'ina, hasumiyoyin masallatai, da tituna da suka miƙe kamar an ja su da zare. A wani sarari tsakanin duwatsu biyu na tarar da yara suna wasa, raga duwatsu ne aka jera, rabinsu ba takalmi. Akwai wani siririn yaro, bai fi shekara goma sha huɗu ba, sanye da koɗaɗɗiyar riga mai lamba 11 da sunan Drogba ya kusa gogewa a bayanta. Ban iya ƙwallo ba, amma na lura ba ya bin ƙwallo kamar sauran. Yakan tsaya inda babu kowa, sai ka ga ƙwallon ta zo ta same shi. Sau biyu ya ci da ƙafar hagu a ɗan zaman da na yi. Mai horar da su wani matashi ne kafinta, da usur a wuya, wanda ya ce mini don Allah yake yi, ƙwallon ma karo-karo suka yi suka saya. 'Yan kallo kuwa mu uku ne: ni, da wata yarinya mai tallar gyaɗa, da wani tsoho da ke jiran a tashi ya wuce da awakinsa.

Ranar da zan koma Kano ta dace da cin kasuwar Shuwarin, sai na tsaya na ratsa ta cikin buhunan hatsi na nufi kara. Can na iske dattijon nan a cikin aikinsa, ya zama wani mutum dabam: murya ta buɗe, hannu na cikin hannun mai saye, ido na kan mai dabba. Da ya sami sarari muka gaisa, na tambaye shi makomar Osimhen. Ya ce dabbar da ta kwana a kasuwa ba a mayar da ita gida a zuba mata ido, kiwo ake bai wa wani kafin farashi ya dawo. Kwanaki kaɗan bayan haka Galatasaray ta Turkiyya ta karɓe shi aro na kaka guda.

Na ba shi labarin yaron Garu, na ce: “Baba, da irin idon nan naka, ai ya kamata ka je ka gan shi.” Ya yi murmushi, ya ce ya san filin, jikansa ma a can yake wasa. Sannan ya ce: “Malam, ni dillali ne. In na ce sa ya yi, akwai mai saye a tsaye a bayana da kuɗi a aljihu. In na je na ce yaron nan ya yi, wa zan faɗa wa? Wa zai taya? Wa zai ba ni la'ada?”

Kafin in buɗe baki, wani Bafulatani ya jawo wani bijimi fari ya tsaya a gabansa. Dattijo ya juya, ya kama leɓen bijimin ya ɗaga, ya duƙa yana duba haƙora.