Bakin da ke reno

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa jin karin maganar da ta ce baki yana reno ba. Ga alama magabatanmu sun fi sanin kifi a cikin koma da tukunya. Mu kuwa mutanen Agadas, da soyayye da busasshe muka san shi, domin ƙoramar Telwa ba ta riƙe ruwa sai ƴan kwanaki da damina.

Shekara uku ke nan ina kiwon karfasa a gida, cikin akwatin gilashi mai cin lita 300. Namiji ɗaya ne da mata biyu, waɗanda wani direba ya kawo mini suna ƙanana daga tabkin Tabalak, a kan hanyar Tawa. Idan lokacin haihuwa ya yi, sai namijin ya haƙa ɗan rami a cikin yashi, macen ta zuba ƙwai, shi kuma ya bi ya zuba nasa iri. Nan take sai ta tsince ƙwan duka, ɗaruruwa, ta adana a baki. Kusan mako biyu za ta yi ba ta ci kome ba, tana jujjuya su a hankali domin ruwa ya riƙa ratsa su. Bayan ƴaƴan sun fito ma, da sun ga inuwa ta gilma sai su ruga su koma bakin uwa.

Wannan ɗabi'a ce ta kai ni ga karanta labarin wasu ƙananan kifaye na kudu maso gabashin Asiya da ake kira betta. Jinsinsu ya haura 70. Wanda duniya ta fi sani, mai dogayen fukafukai na ƙasar Tailan, sheƙar kumfa yake yi a saman ruwa. Amma da yawa daga cikin danginsa na daji a baki suke reno, kuma a wurinsu uba ne ke ɗaukar nauyin. Macen ce ke tsince ƙwan tana tofa masa, yana cafewa, sa'an nan ya ɓuya ya shiga azuminsa. Akwai wani mai suna Betta macrostoma, ɗan rafukan Burunai da Sarawak a tsibirin Borniyo, wanda sare dazuzzuka ya rage masa mazauni ƙwarai, har masu kiwo a Turai da Asiya suke hayayyafa shi a ɗakunansu. Ruwa mai sanyi yake so, wajen digiri 25, don haka ba zai jure bazarar Agadas ba, inda zafi ke wuce 40. Ko karfasa, mai juriya, sai na lulluɓe akwatinta da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda ake yi wa randa.

Abin da masu kiwon betta suka fi gargaɗi a kai shi ne abin da karfasa ta koya mini. Kifin da ke riƙe da ƙwai idan ya firgita, ko dai ya tofar da su ko ya haɗiye. Saboda haka aikin mai kiwo a waɗannan kwanaki shi ne kame hannu. Ba a sa koma, ba a ƙwanƙwasa gilashi, ba a haska fitila don ƙidaya. Na kan rufe gefe ɗaya da zane, in hana yara leƙe, in hana kaina. Wannan ya fi canjin ruwa wuya, domin mai son abu ba ya rasa dalilin taɓa shi.

Ba a rasa masu cewa ɓarnar ruwa nake yi a garin da ake sayensa jarka-jarka, kuma maganarsu tana da nauyi. Rubu'in akwatin nake canzawa kowane mako, ruwan da na kwashe kuma gindin zogale yake tafiya. Na kan kuma tuna musu cewa a Gobero, cikin Tenere, inda ayarin Paul Sereno ya gano tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, an tono ƙasusuwan giwan ruwa da masun kamun kifi na ƙashi. Shekaru dubbai da suka wuce, masunta ne mazauna wannan yashi.

Ƴan'uwana malamai, mu ma abin da ke hannunmu ɗanye ne, kuma mun saba da buɗe bakin yaro kullum mu ga abin da ya riƙe. Da kowace makaranta za ta ajiye akwati ɗaya da karfasa uku, da ɗalibai sun ga haihuwar kifi da idonsu, mu kuma mu koyi jiran mako biyu.