Minti Goma Sha Bakwai Babu Taɓa Waya

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a jami'a, kuma gardama ce ta haɗa mu da kiɗan da ba mu taɓa ji ba. Ɗayanmu ya ce babu mai iya zama awa guda yana sauraron abu ɗaya bai zaro waya ba. Muka ƙaryata shi. Sai ya kunna mana simfoni na bakwai na Dmitri Shostakovich, mai tsara kiɗa ɗan Rasha. Simfoni dogon kiɗa ne da makaɗa masu yawa ke yi tare a zaure, da goge iri-iri, da kayan busa, da ganguna. Wannan babu mawaƙi a cikinsa. Ko minti goma ba a yi ba, mu uku muka koma latse-latse.

Kunya ta kama mu da muka karanta tarihinsa. A Satumbar 1941 sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad ƙawanya, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mutane. Da aka nemi makaɗan gidan rediyon birnin, kusan 15 kawai aka samu masu sauran ƙarfi. Aka cike gurbi da sojoji masu iya kiɗa, aka ƙara musu abinci. Ranar 9 ga Agustan 1942, Karl Eliasberg ya jagorance su, zaure ya cika, aka kuma juya lasifika wajen sansanin abokan gaba. Masu fama da yunwa sun zauna fiye da awa guda suna sauraro. Mu da muka ci muka ƙoshi mun kasa minti goma.

Muka yanke shawarar farawa daga ƙasa. A 1945 Benjamin Britten, ɗan Ingila, ya tsara wani kiɗa na kusan minti 17 mai suna The Young Person's Guide to the Orchestra, domin wani fim na 'yan makaranta. Makaɗa duka suke farawa tare, sannan kowane kayan kiɗa ya fito ya nuna muryarsa, a ƙarshe su sake haɗuwa. Muka tara wayoyi a kwali, muka bar guda ɗaya tana kiɗa. Sau uku muka ji shi kafin kunnenmu ya fara rarrabe sarewa da ƙaho.

Bayan mako biyu muka koma ga Shostakovich. A kashi na farko akwai wata ƙaramar ganga da ke farawa a hankali, wani sauti yana ta maimaituwa a kanta yana ƙara ƙarfi, har ka ji kamar runduna ce ke tunkaro ka. Wanda ya san kalangu ya san kiɗa na magana ba da baki ba. Wannan karon mun kai ƙarshe.

Ƙannenmu, jarrabawa ma zama take so. Wanda ya kasa ba kunnensa minti 17, da wuya ya ba littafi awa biyu. Ku gwada a ƙarshen makon nan, ku ƙirga sau nawa hannunku zai nemi waya.